Namiji Mai Nono: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Dalili, Magani da Tiyata

Akwai samarin da ko zafin watan Afrilu ba ya sa su cire riga a gaban mutane. Singileti biyu suke sawa a ƙarƙashin kaftani, suna tafiya a ranƙwafe, ba sa zuwa wanka rafi, kuma ranar da aka ce ɓangare ɗaya ya tuɓe riga a filin ƙwallo sai su ce ƙafa na yi musu ciwo. Akwai magidantan da suka shekara goma da wannan damuwa ba su taɓa furta ta ga likita ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan shirun ne ke cinye lokacin da ƙwaya za ta iya aiki, har a kai inda sai wuƙa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu abin, da iyayensu, da matansu. Sunayen magunguna na bar su yadda suke a jikin kwali don a iya gane su.

Abin da ke girma a ƙirjina, nono ne na gaske ko kitse ne?

Likita ma da wannan tambayar zai fara, domin magani a kanta ya rataya. Kowane namiji yana da ɗan guntun naman nono kwance a ƙarƙashin kan nononsa, kuma jikinsa na samar da sinadaran jinsi iri biyu: testostiron mai yawa, da istirojin ɗan kaɗan. Testostiron ke danne naman nonon, istirojin ke tayar da shi. Idan na farkon ya ragu, ko na biyun ya ƙaru, ko wani magani ya tare wa testostiron hanya, sai naman ya farka ya fara girma. Wannan shi likitoci ke kira gainakomastiya. Wanda kitse ne kawai ya taru masa a ƙirji saboda ƙiba, lamarinsa daban ne.

Kana iya gwadawa a ɗaki. Kwanta rigingine, ka ware babban yatsa da manuni a gefe biyu na nonon, ka riƙa matso su a hankali zuwa tsakiya. Idan naman nono ne, yatsunka za su ci karo da wani ƙullutu mai faɗi, zagayayye, mai danƙo kamar roba, daidai ƙarƙashin baƙin da ya kewaye kan nono, wani lokaci da zafi idan an taɓa. Idan kitse ne, yatsun za su haɗu ba su tarar da komai ba sai laushi. Mutane da yawa suna da duka biyun. Yana iya fitowa gefe ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya girma.

Jaririna namiji kwanansa 6, nononsa ya kumbura har yana fitar da farin ruwa. Kakarsa ta ce a riƙa matse shi wajen wanka. In bari?

Kada ki bari, ki kuma lallashi kakar ta bari. Fiye da rabin jarirai, maza da mata, da wannan kumburin ake haifarsu, saboda sinadaran uwa da suka ratsa mabiyiya suka shiga jikinsu. Yana sacewa da kansa cikin makonni, wani ya kai 'yan watanni. Matsawa da gashi da tsumma mai zafi ƙara kawo ruwan suke yi, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga har wurin ya yi mugunya a kai ga tsagawa. Idan kika ga wurin ya yi ja, ya yi zafi, ko yaron na zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar.

Ɗana shekararsa 14, yana makarantar kwana, kuma yara sun sa shi gaba da tsokana. Wane magani zan saya masa?

Alhaji, a yanzu babu wanda za ka saya. Kusan rabin yara maza suna samun wannan kumburi wajen shekara 13 zuwa 14, lokacin da jiki ke shiga balaga: istirojin kan riga hawa kafin testostiron ya kamo shi. A mafi yawansu abin na bajewa da kansa tsakanin wata 6 zuwa shekara 2. Abin da ya dace shi ne likita ya duba shi sau ɗaya, ya auna girman ƙullutun, ya duba 'ya'yan marainansa, sannan a riƙa komawa duk bayan wata 3 zuwa 6 a ga ko raguwa yake yi.

Inda ba a zauna jira ba shi ne idan abin ya fito wa yaron da ko alamar balaga bai fara ba, ko yana girma da sauri, ko ya wuce santimita 4 zuwa 5, ko marainan yaron sun kasance 'yan ƙanana ainun, ko an wuce shekara 2 bai ragu ba. A ƙananan yara, a bincika abin da ake shafa musu da wanda suke iya ɗauka su haɗiye a ɗakin uwa, irin ƙwayoyin tsarin iyali. A 2007 likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara maza 3 da nononsu ya girma suna amfani da man shafawa da sabulu masu man tsirran lavender ko tea tree, kuma ya sace bayan an daina.

Sai dai ciwon da ya fi damun yaron nan yana zuciyarsa. Kai ne ya kamata ka zaunar da shi, ka gaya masa rabin sa'anninsa haka suke ko da ba su nuna ba, kuma wannan bai taɓa mazantakarsa ba. Ka hana 'yan'uwansa yi masa ba'a a gida. Singileti mai matse ƙirji na taimakawa, kuma babu laifi ka yi magana da malamin da ke kula da ɗakin kwanansu. Idan ka ga ya fara ƙin makaranta ko ya daina shiga mutane, ka faɗa wa likitan, domin wannan ma dalili ne na a yi wani abu tun kafin cikar shekara biyun.

Ni na haura 40, ban taɓa samun wannan ba sai bana. Me ya kawo shi?

Fara da buɗe ledar magungunanka. Kaso mai tsoka na manyan da abin ya same su, magani ne sila. Wanda ya fi suna shi ne spironolactone, da ake bai wa masu ciwon zuciya, hawan jini, da masu kumburin ciki na ciwon hanta. A wani babban gwaji da aka wallafa a 1999 kan masu raunin zuciya, namiji 1 cikin 10 da suka sha shi ya samu girman nono ko zafinsa, alhali a waɗanda ba su sha ba 1 ne cikin 100. Akwai cimetidine na gyambon ciki, wanda har yanzu ake saye a kemis ba tare da takarda ba. Akwai ƙwayar ketoconazole, da finasteride da dutasteride na kumburin furostet (ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da sanƙo, da risperidone na taɓin hankali, da metoclopramide na amai, da digoxin. Efavirenz na cuta mai karya garkuwar jiki ya jawo wa maza da dama wannan a Afirka, kuma abin ya ragu tun da aka koma dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita ga kowa a 2019.

Idan ba magani ba ne, sai a duba gaɓoɓi. Hantar da ta lalace kan rikita ma'aunin sinadaran nan, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu: binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawanci ba su sani ba. Ciwon ƙoda mai tsanani na kawo shi, haka ma idan ƙullutun wuya mai samar da sinadari, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, ya yi aiki fiye da kima. Duk abin da ya raunana maraina zai iya jawo shi: hangum da ya sauka ƙasa bayan balaga, buguwa, kuturta, ko ƙari. Tsufa kansa dalili ne, shi ya sa ake yawan ganinsa daga shekara 50 zuwa sama. Sannan ƙiba: kitse yana da wani sinadari, aromatas, mai juya testostiron ya koma istirojin, don haka mai teɓa kan haɗa kitsen da naman nonon. A kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu abin, za a yi duk bincike ba a ga dalili ba.

To in daina shan maganin da nake zargi?

A'a. Spironolactone na tsawaita ran mai ciwon zuciya, kuma yanke maganin garkuwar jiki ko na taɓin hankali da kanka haɗari ne da ya fi girman nono nesa ba kusa ba. Ka koma wurin wanda ya rubuta maka, ka gaya masa abin da ka gani. Yawancinsu suna da madadi: eplerenone a maimakon spironolactone, famotidine a maimakon cimetidine, da sauransu. Idan an sauya da wuri, zafin kan lafa cikin wata guda, girman kuma ya bi baya a hankali. Masu sankarar furostet da ake bai wa bicalutamide lamarinsu na musamman ne, domin akasarinsu sai sun samu girman nono ko zafinsa. Su akan haɗa musu da tamoxifen tun daga farko, ko a haska ƙirjin da ɗan gashi na na'ura sau ɗaya ko 'yan lokuta kafin nonon ya taso.

Ina ɗaga ƙarfe, kuma an ba ni allurar gina jiki. Tana da hannu?

Tana da hannu dumu-dumu. Allurai da ƙwayoyin gina tsoka dangin testostiron ne, kuma jiki na juya rarar ya koma istirojin. Bayan haka, marainanka kan daina nasu aikin idan suka ga an cika jini da na waje, shi ya sa wasu sai bayan sun daina allurar nonon ke tasowa, tare da raunin gaba da ƙarancin maniyyi. Tramadol da kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, suna danne testostiron idan an daɗe ana sha. Giya na yin nata ɓarnar ta hanta da ta maraina. Ana danganta shi da wiwi ma. Magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe kuma kitse suke tara wa mutum a ƙirji da ciki da fuska. Duk wanda ke amfani da ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa wa likita gaskiya, in ba haka ba za a kashe kuɗi a gwaje-gwajen da ba su da amfani.

An ce awara da kajin gidan gona ke jawo shi. Wasu sun ce istimna'i ne, wasu sun ce jifa ne.

Ci awararka. Binciken da aka tattara kan maza masu cin waken suya daidai kima bai nuna yana sauya testostiron ko istirojin ɗinsu ba. Mutumin da ake yawan kafa hujja da shi, wani dattijo ne a Amurka da ke shan kusan lita 3 na madarar waken kowace rana. Kajin gidan gona kuma irinsu da abincinsu ke sa su saurin girma. Istimna'i ba ya sa nono girma. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, kuma mutumin da hantarsa ke lalacewa, duk watan da ya ɓata yana neman wanda ya jefe shi, hantar ce ke biya.

Ta yaya zan san ba kansa ba ce?

Maza na yin sankarar nono, ko da yake kusan 1 ne cikin 100 na duk masu ita, kuma ta fi kama dattawa. Siffarta ta bambanta. Ƙullutun kan zama mai tauri kamar dutse, a gefe ɗaya, sau da yawa ba daidai tsakiyar kan nono ba, ba ya zafi, kuma ba ya motsi sosai idan an tura shi. Kan nono na iya shigewa ciki, ko ya riƙa fitar da jini, fata ta lotsa ko ta yi gyambo, ko a ji kaluluwa a hammata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, wannan makon za ka je asibiti, a yi hoton nonon, a ɗebi ɗan nama da allura a gwada. Ka gaya wa likita idan a danginku akwai waɗanda suka yi sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa. Girman nono na yau da kullum shi kansa ba ya rikiɗewa ya zama sankara.

Ƙirji ne ke damuna, don me likita zai ce in sauke wando?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani lokaci girman nono shi ne alamar farko ta ƙari a cikin maraina, musamman ga saurayi ɗan shekara 20 zuwa 35, domin wasu ƙarin suna fitar da sinadaran da ke tayar da nono. Sankarar maraina na cikin waɗanda suka fi jin magani idan an kama ta da wuri. Likitan da ya duba ƙirji kaɗai ya sallame ka, bai gama aikinsa ba, kuma kana da damar ka ce masa ya duba ƙasan.

Bayan dubawa da hannu, gwargwadon abin da ya gani, zai iya aika ka gwajin hanta, ƙoda, maƙoƙo, da na sinadaran jinsi. Na testostiron da safe ake ɗibar jininsa, kafin ƙarfe 10, domin lokacin ne yake sama. Idan da shakka, a yi sikanin na maraina ko na nonon. Yaro mai balaga da komai nasa ke tafiya daidai ba ya buƙatar duk waɗannan.

Mijina ne ke da shi. Yana nufin ba zai haihu ba? Kuma gaskiya ne irinsu mata-maza ne?

Ba gaskiya ba ne. Akasarin maza masu girman nono lafiyarsu ƙalau a shimfiɗa, kuma suna haihuwa. Nonon shi kansa ba ya hana komai. Abin lura kawai shi ne dalilin da ya kawo shi: idan ƙarancin testostiron ne, ana iya ganin raguwar sha'awa da ƙarancin gashin fuska. Akwai wata halitta da ake kira Klinefelter, da sunan likitan da ya bayyana ta a 1942, wadda ke samun kusan namiji 1 cikin 600. Mai ita yakan yi tsawo, marainansa ƙanana, haihuwa na yi masa wuya, kuma shi haɗarin sankarar nono ya fi yawa a gare shi. Idan kun shekara da aure babu ciki, gwajin maniyyi ne zai raba gardama. Ke kuma, 'yar'uwa, kalma ɗaya ta raini daga bakinki a kan ƙirjin nan ta fi ta duk abokansa zafi, haka ma kalmar kwantar da hankali ta fi tasu nauyi. Ki ƙarfafa masa gwiwa ya je a duba.

Motsa jiki zai iya narkar da shi?

Kitse zai narke, naman nono ba zai narke ba. Mai ƙiba ya rage nauyi tukuna, domin sau da yawa rabin matsalar na tafiya da teɓar. Amma wanda nasa ƙullutu ne, ɗaga ƙarfe na iya ƙara turo shi waje, tunda tsokar da ke ƙarƙashinsa ta cika.

Akwai ƙwayar da ke maganinsa?

Akwai, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A watannin farko naman nonon sabo ne, yana kan girma, yana da laushi, yana zafi. A wannan lokacin yana jin magani. Idan ya kai kamar shekara guda, sai ya fara komawa tauri irin na tabo, zafin ya ɗauke, kuma daga nan babu ƙwayar da za ta mayar da shi. Mutane kan ɗauka ɗaukewar zafin sauƙi ne, alhali ƙofar magani ce ke rufewa. Don haka wanda nasa sabo ne kuma yana ciwo, shi ne ya fi kowa dacewa ya je yanzu.

Ƙwayar da aka fi sani ita ce tamoxifen, wadda asalinta ta sankarar mama ce. Tana toshe wurin da istirojin ke kamawa a naman nono. Likitoci kan ba da miligiram 10 zuwa 20 a rana na wata 3 zuwa 6. Zafin ne ke fara tafiya, cikin makonni kaɗan, kuma a yawancin waɗanda suka fara da wuri girman ma na raguwa, wasu ya baje gaba ɗaya. Idan an yi wata 3 babu canji, ci gaba ba shi da amfani. Tana iya kawo tashin zuciya, jin zafi na taso wa jiki, da raguwar sha'awa, kuma a wasu ƙalilan tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, wanda zai iya tafiya huhu. Shi ya sa ba ƙwayar da za ka saya a kemis don aboki ya ce ta yi masa aiki ba ce. Ga kuma babban haɗarin shanta kafin bincike: nonon ya sace, ƙarin da ke cikin maraina ya ci gaba da girma ba wanda ya sani.

Raloxifene 'yar'uwarta ce, ana amfani da ita a wasu wurare. Anastrozole, wadda masu ɗaga ƙarfe ke yabawa, an gwada ta a kan samari 80 masu girman nonon balaga a wani bincike na 2004, ba ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba.

Tunda ƙarancin sinadarin maza ne, in yi allurar testostiron ko in sha maganin ƙarfin maza?

Testostiron na wanda gwaji ya tabbatar nasa ya yi ƙasa ne kaɗai. Wanda nasa ke daidai ya ƙara, rarar za ta koma istirojin, nonon ya ƙaru, maniyyi ya ragu. Magungunan ƙarfin maza na kwalba da na leda ba su da abin da za su yi wa naman nono, haka ma mayukan shafawa da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Ɗaure ƙirji da ƙyalle ɓoyewa yake yi na ɗan lokaci. Ƙaho, tsaga, da ƙona wurin kuwa, garin neman gira a rasa ido ne: ƙullutun na nan, ga tabo, ga gyambo, kuma sun ɓata wa likitan fiɗa fatar da zai yi aiki da ita gobe.

Yaushe ake kai wa ga tiyata, kuma yaya ake yin ta?

Idan abin ya wuce shekara guda bai ragu ba, an gyara dalilin ko ba a samu dalili ba, kuma yana damun mai shi da ciwo ko da kunya. Ga matashi an fi so a jira balaga ta kammala, sai dai idan girman ya yi yawa ko damuwar ta yi tsanani.

Aikin ya danganta da abin da ke ciki. Kitse zuƙe shi ake yi da siririn bututu ta ƴar ƙaramar huda. Naman nono kuwa ya fi ƙarfin bututu, sai an yanka. Akan tsaga rabin da'ira a ƙasan baƙin kan nono, daidai inda launin fata ya sauya don tabon ya ɓuya, a ciro ƙullutun, a bar ɗan siririn nama a ƙarƙashin kan nonon don kada wurin ya lotsa. Yawancin mutane haɗa musu biyun ake yi. Wanda nonon ya yi girma har ya zubo, ko wanda ya rage ƙiba mai yawa, sai an rage fata, wani lokaci a ɗaga kan nonon zuwa mazauninsa, kuma nasa tabon ya fi tsawo. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2. Ƙarami ana iya yinsa da allurar kashe wuri, babba da ta barci, kuma da yawa ranar ko washegari suke komawa gida. Ka tabbatar an kai naman da aka cire ɗakin gwaji, kuma ka karɓi sakamakon.

Wace illa zan iya fuskanta, kuma kwana nawa zan yi kafin in koma aiki?

Wadda ta fi faruwa ita ce taruwar jini ko ruwa a ƙarƙashin fata a kwanakin farko, shi ya sa wani lokaci ake barin ɗan bututu na kwana ɗaya ko biyu. Kan nono na iya mutuwar ji na wasu watanni, wani har abada. Idan an kwashe nama fiye da kima, wurin kan lotsa kamar faranti, kuma gyaran wannan ya fi aikin farko wuya. Gefe biyu ba lallai su yi daidai cif ba.

Ga mu masu baƙar fata akwai ƙarin abu guda: tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda likitoci ke kira kiloid, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Duba tsofaffin tabonka, na ƙuraje, na aski a ƙeya, na shasshawa. Idan akwai wanda ya yi tudu, ko a gidanku akwai masu yi, nuna wa likitan kafin a sa rana, domin zai iya sauya inda zai tsaga, ya kuma shirya allura ko abin mannawa na hana tabon tashi. Mai shan sigari ya daina makonni kafin aiki, mai ciwon suga kuma a daidaita shi tukuna.

Za ka sa rigar matse ƙirji dare da rana na mako 4 zuwa 6, ko da zafi ake, don haka wanda ke da zaɓi ya sa aikinsa lokacin hunturu. Mai aikin ofis kan koma bayan mako guda. Manomi, ɗan dako, mai tuƙa babur da mai ɗaga ƙarfe su ba shi wata guda zuwa mako 6. Kumburi na ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin ƙirjin ya zauna yadda zai kasance.

Wannan aikin bai shiga canza halittar Allah ba?

Malamai sun bambanta tsakanin gyara aibi da ƙarin kwalliya. Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da ke kawar da aibi ko cutarwa, ta jiki ko ta zuciya. Aikin ma ba baƙo ba ne a tarihin likitancin Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan fiɗa na birnin Ƙurɗuba a Andalus da ya rasu a 1013, ya bayyana shi a littafinsa At-Tasrif: tsaga mai siffar jinjirin wata, da tsaga biyu ga wanda nonon ya zubo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malaminsa bayanin da likita ya yi masa, domin fatawa na tafiya da sanin haƙiƙanin abu.

Ina zan je?

Fara da likita a babban asibitin da ke kusa da kai, don bincike. Idan ta kai ga aiki, ka nemi a tura ka sashen tiyatar gyaran jiki. Ana samun irin waɗannan likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos. Idan asibitin kuɗi ka zaɓa, ka tabbatar likitan na da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, ka tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aikin, ka nemi ganin hotunan waɗanda ya yi wa, musamman masu irin fatarka, bayan wata 6 da aiki. Ka tambayi wanda zai ba da allurar barci, da inda za a kai ka idan jini ya ɓalle da dare. Kuɗi kuma a faɗa maka gaba ɗaya, da gwaji, da gado, da riga, da gwajin nama. Inshorar lafiya yawanci tana lissafa aikin a cikin na kwalliya, don haka ka bincika kafin ka dogara da ita.

Idan an cire, zai dawo?

Ba kasafai ba. Naman da aka cire ya tafi. Amma ɗan guntun da aka bari a ƙarƙashin kan nono yana da rai, kuma zai iya sake tasowa idan aka koma wa abin da ya tayar da shi tun farko, kamar allurar gina jiki, ko maganin da ba a sauya ba, ko ciwon da ba a kula da shi ba. Kitse ma na iya sake taruwa idan ƙiba ta dawo. Duk sabon ƙullutun da ka ji bayan ƙirjin ya warke, ka koma wurin wanda ya yi maka aikin ya duba shi.